Tagar da Aka Fasa Mini da Izinin Baki

Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da gama kwalejin horon malamai ba. Yarinya ce ni mai yawan mafarki, wadda kan tsaya kallon gonar masara har ta manta aiken da aka yi mata. Burina ɗaya ne, in buɗe shagon littattafai a Malumfashi, inda 'yan mata za su zauna su yi karatu ko ba su sayi komai ba. Na samu wani tsohon sito na ajiyar hatsi a wurin wani dattijo, Alhaji, abokin marigayi mahaifinmu. Muka rubuta takardar haya ta shekara uku, kuma a cikinta an ce ba zan taɓa ginin ba, in na taɓa in tashi.

Siton ba shi da taga ko ɗaya. Wata rana da tsakar rana Alhaji ya leƙo ya same ni ina karatu da fitilar waya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tambaye ni ko jemage ya ba haya bai sani ba. Nan take ya nuna bangon gabas da sandarsa, ya ce in fasa taga yadda raina yake so. Ranar da haske ya fara zuba a kan littattafaina, ji na yi kamar an yi mini sabon ido. Yayana ya ce in koma a rubuta izinin. Na ƙi. A ganina, miƙa wa abokin uba biro daidai yake da ce masa ban yarda da bakinsa ba.

A shekara ta biyu ɓarin jikin Alhaji ya shanye, magana ta yi masa nauyi. Babban ɗansa ya dawo daga birni ya karɓi kula da gidajen. Kaka ta kama, 'yan kasuwar Funtua na neman wurin zuba masara ido rufe. Ɗan ya zo da takardar, ya karanta mini cikin ladabi, ya ce na saɓa, in tashi cikin wata guda. Na ce mahaifinsa ne ya ba ni izini, ya ce in nuna masa inda aka rubuta. Ba zaluntata ya yi ba, abin da ya gani ya bi. Ni kuwa ba ni da shaida ko ɗaya.

Da maganar ta kai gaban mai unguwa, ya ce tunda mai maganar na raye, a je gabansa. Muka same shi kwance a zaure, matarsa Hajiya na yi masa fifita. Da aka maimaita masa zancen, ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya zana kusurwa huɗu a iska, ya buga ƙirjinsa. Hajiya ta dubi ɗanta ta ce shi da ya yi boko har ya ƙoshi, yau zai rufe wa 'ya'yan mutane littafi saboda buhun masara? Kowa ya yi dariya, har shi ɗan. Ya ba ni haƙuri, aka rubuta ƙari a bayan takardar, Alhaji ya dangwala yatsa, mutum biyu suka sa hannu. Na fito ina kuka ina murmushi, kuma har yau shagon na nan cike da 'yan mata.

Sai dai abu ɗaya na ci mini rai. Kunyar da ta hana ni neman sa hannunsa yana da lafiya, ita ta sa aka tara masa mutane yana kwance, ana tambayarsa ko ya faɗa ko bai faɗa ba. 'Yan uwana masu haya, duk abin da aka canza muku da baki, ku koma da takarda tun ana cikin dariya. Rubutu ba ya rage wa dattijo girma, bakinsa yake tsare masa ranar da ba zai iya buɗe shi ba.