Ciwon Haƙarƙarin da Ya Fasa Mini Biki

Shekarar da soja suka miƙa mulki, fastocin 'yan takara ba su gama ɓallewa daga katangun Gyaɗi-Gyaɗi ba, wani ciwo ya kama ni a saman ƙirji, ɓangaren dama, ƙasa da wuya kaɗan. In na ja dogon numfashi sai in ji kamar an soka mini tsinke tsakanin haƙarƙari.

Ban tsorata ba, daɗi ma na ji. Littattafan soyayyar da nake karɓowa haya a bakin kasuwar Tarauni sun koya mini cewa budurwar da so ya yi wa yawa ƙirji take dafewa, likita ya cire tabarau ya ce ciwon zuciya ne. Ni kuwa an sa ranata da wani malamin firamare, saura wata biyu. Na rubuta masa wasiƙa shafi uku, na ce sonsa ya taɓa mini zuciya, da wuya in ga ranar. Na fesa mata turare na aika.

Ƙanwarsa ce ta tsince ta a aljihunsa wajen wanki, ta karanta wa mahaifiyarsu. Kafin la'asar saƙo ya iso gidanmu: me ya sa aka ɓoye musu yarinyar mai ciwon zuciya ce?

Inna ta ja ni gidan maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Kudancin Kaduna da muke kira Sista. Ta tambaye ni tari, zazzaɓi, haki in na yi tafiya, zafi bayan cin abinci, ko na faɗi. Duk babu. Sai ta danna wurin da babban yatsa, na zabura.

"Ɗaga hannun nan, 'yata." Na ɗaga, ciwon ya amsa. "Wane aiki kike yi da shi?"

Inna ta riga ni: "Tun da famfo ya ɗauke ita ke jan ruwan gidan, Sista. Rijiyar kuwa kin san zurfinta."

"To, guga ne saurayin da ya kama ki," in ji Sista. "Tsoka ce ta gurɗe. Amma ku je asibiti a auna ta, hankali ya kwanta."

Muka je, aka auna, aka ce zuciyata lafiya lau. Inna ta yafa mayafi ta kai katin asibitin har gidansu malamin a Tarauni. Mahaifiyarsa ko karɓa ba ta yi ba.

"Hajiya, mu ba za mu ɗauko jinya ba. Ita da hannunta ta rubuta."

Ba ita ta fi ƙona mini rai ba. Shi ne. Mutumin da ke koya wa yara karatu, ya ga katin likita da idonsa, ya san wasiƙar ƙauna ce irin wadda shi ma ya sha rubuto mini, har da cewa ba ya iya cin abinci, alhali kullum sai ya share kwanon da na kai masa zaure. Nasa ƙarin gishirin ba wanda ya kai shi asibiti. Nawa aka ɗauka shaida. Ya zo sau ɗaya, ya tsaya yana kallon takalminsa, ya ce, "Hajiyarmu ta ce a ɗan dakata."

Na ce, "Kai me ka ce?"

Ya ce shi mai biyayya ne.

Da man zafi da hutun guga ciwon ya tafi cikin mako biyu. A mako na uku Baba ya sa aka mayar musu da kayan sa ranarsu. Ni na ɗaure su da kaina, da hannun daman, ko ɗar ban ji ba.