Ƙoƙon Inna da Tsohon Italiya

A shekarar da aka daina fam aka koma naira, wata safiya ta Juma'a, na tsaya a ƙofar ɗakin ƙasa na gidan Kawu a Camberwell, wata unguwa a Landan, na ga hannayen mutane farare fat rataye a bango, babu masu su. Ƙoƙon furar da ke hannuna ya faɗi, na ruga sama ina salati. Ban kai shekara goma sha biyu ba. Inna aka kawo babban asibitin unguwar saboda ciwon da ya gagari Kano, ni kuwa aka haɗo ni don jinya: in dama kunu, in wanke zannuwa in shanya a jikin hita, in kai toka waje, in ɗan yi 'yar carafke ni kaɗai a kan matakala.

Mai hannayen nan wani tsoho ne ɗan Italiya da ke zaune a ɗakin ƙasan, shi ya hawo mana da ƙoƙon, yana shafa zanen da ke bayansa. Matar Kawu, Anti Ladi, ta yi mana tafinta. Ya tambaya wa ya zana, aka nuna masa Inna, don kaf ƙauyenmu ba a yi mai zanen ƙwarya kamarta ba. Sai ya cire hula. Hannayen, ashe, na farin garin nan ne da ake ɗaurin karaya da shi, yana zuba su don masu koyon zane. Ya ce a wata tsohuwar makarantar zane ta garinsu ya koya, wadda ta girmi kakannin kakanninsa. Asalinta, in ji shi, masu sana'a ne suka haɗa kai don kada ɗayansu ya mutu ya rasa masu binne shi da mutunci. Daga baya suka samu ginin wani tsohon asibiti, inda majinyata suka kwanta nan ɗalibai suka zauna, kuma yaro sai ya daɗe yana kwaikwayon hannun magabata kafin a bar shi ya yi nasa. Inna ta ce, "Ashe su ma sun san girman na gaba."

Da likitoci suka fara magana ƙasa-ƙasa, na gane Inna ba za ta koma gida ba, ga shi ban karɓi komai daga sana'arta ba. Tsohon ya roƙa a bar shi ya zuba mini siffar hannunta. Na so, wallahi na so. Kawu ya ce ba a ajiye gunki a gidansa. Inna ta dube ni ina kuka ta ce, "Ke Hanne, hannun da ba ya motsi me zai koya miki? Kawo wuƙa." To ina ƙwarya a Landan? Ƙoƙon nan ɗaya ne tal. Kwana biyu sai ga tsohon da tire cike da fararen ƙoƙuna. Garin nan ya kwaɓa ya zuba a cikin namu, ya fitar da 'yan'uwansa. Kawu ya juya ɗaya, ya juya, ya ce wannan kam ƙwarya ce. A kansu na koyi zanen dagi da ƙafar kaza da tsani, Inna na jingine da filo, tana bugun yatsuna in na karkace. Wanda na ɓata, tsohon ya zubo wani.

Ranar da Inna ta rasu ina gida, don mata ba ma zuwa maƙabarta. Kawu ne ya dawo ya ce mutanen da suka taru ba su cika sahu ba, amma can baya akwai wani tsoho tsaye cikin yayyafi, hula a hannu, har aka gama rufe ta.

Yau ina Woolwich, a nan Landan dai, jikokina ina yi musu Hausa suna mayar mini da Turanci. Ɗayarsu ta je har makarantar nan ta Italiya, ta nuna mini ginin a waya, ta tambaye ni inda na yi karatun zane. Ban taɓa zama a aji ba, na kuma faɗa mata ba kunya. Ƙwarya yanzu tana nan jibge a kasuwa, mai riƙe wuƙar ce na rasa. Hannun Inna dai bai shiga ƙasa duka ba, saura yana jikina, yana jira.