Nokawut Ɗin Abokan Ango Ya Tafi Da Kunnena

Salamu alaikum. Masu ta turo saƙo kuna "Malama, ina kika shige?", to ga ni. Tun bayan ƙaramar Sallah ban ce uffan ba a nan, don da na buɗe baki a lokacin, abin da zai fito ba na malamar Islamiyya ba ne.

Bayan la'asar ne, ana ɗaukar amarya a layinmu nan Daura. Na fito zan leƙa ƙawata. Abokan ango, ƙarti da gemunsu, suna kan babura suna jifa da nokawut, abin fashewar nan. Ɗan maƙwabcinmu ya cilla nasa sama, ya sauko a kafaɗata ta dama, ya tashi.

Da farko ɗif na ji. Sai wani kuka kamar na gyare ya shiga kunnen ya zauna. Ina kallon bakinsu suna dariya.

Ubansa ya leƙo ya ce, "Haba Malama, biki ne fa, a yi haƙuri." Ko sannu babu.

Kyanwata tana da jarirai a ƙarƙashin gadona. Da aka ci gaba da fashe-fashen sai ta haure katanga. Na yi ta ɗiga musu madara da cokali, ɗaya bayan ɗaya suka mutu a hannuna.

Ni kuwa jiri, amai, ciwon kai. Murfin tukunya ya faɗi, sai in ji kamar an soka mini ƙusa. Ranar da na koma aji, yara suka ɗauki karatu baki ɗaya yadda suka saba, na durƙusa na toshe kunnuwa ina kuka a gabansu. Shugaban makaranta ya ce in je in huta, amma in ban dawo ba bayan babbar Sallah, dole a ba wata ajin. Yaran da na ɗauko tun daga Fatiha fa!

Inna, mahaifiyata, ta dube ni ta ce, "'Yar nan, wannan ba ciwon asibiti ba ne. Gamo kika yi."

Aka kawo mai ruƙiyya. Ni ban raina ayar Allah ba, ita nake koyarwa. Amma bawan Allahn nan ya kafa bakinsa a kunnen da ya fashe yana kwarara ihu, "Fita! Fita!" Ina ƙara ina birgima, shi kuma yana ce wa Inna, "Kin ji ko, Hajiya? Ya fara magana." Ni ce fa nake magana. Cewa nake yi ya daina.

Ya bar man zaitun, aka riƙa ɗiga mini safe da yamma. Kafin mako ya zagayo kunnen ya fara zubar da mugunya mai wari.

Ana haka kyanwar ta dawo, duk ta rame. Iska ta bugo ƙofa, na zabura, ita ma ta zabura ta shige bayan randa tana rawar jiki. Na ce, "Inna, ita ma gamon ta yi?" Washegari yayana, Yaya Sani, ya ɗauke ni sai asibiti, daga nan aka tura mu Kano wurin likitan kunne.

Layi tun safe, yankar kati, gwajin jini. Aka zuƙe mugunyar da wata 'yar na'ura, na riƙe hannun Yaya kamar zan karya shi. Aka sa ni wani ɗan ɗaki, aka kifa mini abin sauraro, in na ji sauti in danna. Ta hagu ina ta dannawa. Ta dama na zauna ina jira, ashe an daɗe da kunnawa.

Likita ya ce, "Malama, dodon kunnen ya huje. Da an bar shi a bushe, da wataƙila ya haɗe da kansa. Wa ya zuba mai?" Yaya ya sunkuyar da kai.

Allurai, ƙwayoyi, zirga-zirgar Kano, sai da tumakin Inna biyu suka tafi kasuwa. Tsorona ɗaya, kar ciwon ya taɓa ɗayan kunnen in zama ba ni ba aji.

Alhamdulillahi, mugunya ta tsaya, jiri ya tafi, na hagu lafiya lau. Na dama kam jinsa ya tafi, likita bai ɓoye mini ba. Na koma aji da abin toshe kunne, yara suna biya mini hadda ɗaya bayan ɗaya ta gefen hagu. Kyanwa har yau ko salansar babur ta buga sai bayan randa.

Yaya Sani, Allah ya saka maka. Inna, na san so ne, ba ni da komai a raina game da ke. Ɗalibaina da suka koyi karatu a hankali saboda ni, Allah ya yi muku albarka.

Shawarata: in ƙara ta bugi kunne, a tafi asibiti a ranar. Kar a ɗiga komai, ko mai ko ruwan tofi. A yi addu'a, amma ba da ihu a kunnen mara lafiya ba. In an san za a yi biki a layi, a rufe dabbobi a ɗaki tun da wuri, a janye tsofaffi da jarirai. Ku kuma masu nokawut, wallahi ba burgewa ba ce, rashin tarbiyya ne. Ku je ku fasa a ɗakunanku.

Masu ce mini in yafe, ku saurara. Shekaranjiya maƙwabcin namu ya turo ɗan nasa da ya jefa nokawut ɗin. Ya zo ya durƙusa ta damana, kansa a ƙasa, yana ta motsa baki. Da ya gama ya tashi ya fita, Inna ta ce, "Ba ki amsa masa ba? Gafara fa ya roƙa."

Na ce ban ji ba.

Kuma wallahi ban ji ba.