Na Samu Ƙarin Girma, Na Rasa Mai Karanta Mini Rubutun Kakata

Lokacin da abin nan ya faru ni ƙaramar malama ce a wata jami'a, ina koyar da tarihi, ina zaune a gidanmu na gado a unguwar Kabara tare da gwaggona. Ina da zafin nema, ba na son a wuce ni. Shekara shida ina mataki ɗaya, waɗanda muka fara aiki tare duk sun haye, har gaisuwarsu nake ji kamar gori.

Kakarmu, mahaifiyar gwaggo, malama ce da ta koyar da matan unguwa. Ta bar gafaka cike da waƙoƙin wa'azi da ta rubuta da ajami. Tawadar ta koɗe, rubutun a cukurkuɗe, gwaggo kaɗai ke iya karanta shi domin a gabanta aka rubuta. Muka tsiri zama kowace Asabar da hantsi, tana karantawa ina kwafewa da boko. Da muka yi shafi goma sha ɗaya sai na nuna wa shugaban sashenmu. Ya yaba, sannan ya faɗa mini gaskiya: kwamitin ƙarin girma maki yake ƙirgawa, kuma makin littafin Hausa da aka buga a gida bai taka kara ya karya ba. Abin da ake so shi ne maƙalu da Turanci a mujallun waje, da yawan masu ambaton sunanka a nasu rubutun.

Daga ranar na rufe gafakar. Na shige ɗaki ina rubutu kan abubuwan da ni kaina ba su dame ni ba, ina raba bincike ɗaya gida uku don ya yi auki. Na daina zuwa biki da suna har aka gaji da gayyatata. Kullum kafin in karya kumallo sai na duba waya ko wani Bature ya ambace ni. Gwaggo takan leƙo ranar Asabar ta ce idonta fa ya fara gani dishi-dishi, mu daure mu ƙarasa. Ni kuma in ce ta bari sai bayan ƙarin girma. Rannan har na ɗaga mata murya. Ba ta sake leƙowa ba, kuma wallahi a lokacin daɗin shirun na ji.

Bayan shekara uku takardar ƙarin girman ta fito, na kai wa gwaggo da rawar jiki. Ta shafa ta, ta sa mini albarka, ta ce in karanta mata, ita yanzu sai dai ta bambance haske da duhu. Gida ɗaya muke, ban san abin ya kai haka ba. Da na gama sai ta roƙe ni in ɗauko gafakar in karanta mata shafi na goma sha biyu, wai tana kewar maganar mahaifiyarta. Na buɗe, na ƙura ido, na kasa haɗa ko baiti ɗaya. Ta jira, ta jira, sannan ta ce ba komai, in mayar.

Bara ta rasu. Na zaga da takardun wurin malamai, kowa ya tsinci kalma nan da can ya dawo mini da su. Yanzu ina da ofis nawa ni kaɗai, da sunana a jikin ƙofa, amma ranar Asabar ba na son zaman gida, kaɗaici da nadama ke cina.

'Yan'uwana masu neman ƙarin girma, ban ce kada ku nema ba. Sai dai ku sani kwamiti kowace shekara yana zama, in bai duba ku bana ba zai duba ku baɗi. Tsohon da ke jiranku da ilimi a kansa ba shi da tabbacin baɗi. Ni dai har yau a shafi na goma sha ɗaya nake.