Muryar Alu Ɗan Kamasho

Duk wanda ya shiga mota a tashar Kibiya shekarun baya ya san muryar Alu, ko da bai riƙe fuskarsa ba. Ɗan kamasho ne, siriri, mutumin Durba. In ya buɗe baki ya ce, "Kano! Kano! Saura mutum ɗaya!" har masu awon gero a can ƙarshen kasuwa sai sun waiwayo.

Sigari tun yana saurayi ya koye ta, a wajen ƙwadagon noma. Manya suka ce masa tana kashe yunwa, ya gwada, ya ga kamar haka ne. A ƙauyensu ba abin kallo ba ce, mai shayi ma kara-kara yake sayar da ita. Yayansa Ishiyaku, da ya yi boko ya zauna a Kano, ya daɗe da dainawa, don a wajen aikinsu abin kunya ce. In ya zo gida ya yi masa faɗa, sai Alu ya yi dariya.

"Yaya, ku da kuke ci sau uku ai dole ku daina."

Wata damina muryarsa ta dishe. Ya sha citta da kanumfari, ya lashi zuma, shiru. Har aka yi girbi yana ta fama, fasinja na wuce shi ba su ji kiransa ba. Da ƙyar matarsa Saudat ta lallashe shi ya je asibitin Rano, daga nan aka tura shi Kano. Likita ya duba maƙogwaronsa, sannan ya dube shi.

"Malam Alu, me ya hana ka zuwa da wuri?"

"Na ɗauka mura ce," in ji Alu, cikin raɗa.

Ciwon daji ne. Aka yi masa aiki, Allah ya sa da sauran kwana, amma muryar ta tafi ke nan.

Ya koma Durba yana noman albasa. Sigari bai ƙara waiwayarta ba, kuma Saudat ta ce ba sigari yake kewa ba. Abin da ke cin ransa, ya yi sallama a ƙofar gida ba a ji, sai ya tafa hannu. In jikarsa ta yi kuka ba ya iya yi mata wasa, sai dai ya jijjiga ta.

Ranar kasuwa yakan je tasha ya zauna a benci. Wata rana Dalhatu direba, tsohon abokinsa, ya zauna kusa da shi ya miƙo waya.

"Alu, dubi abin da na tsinta. Ranar da na sayi motar nan aka ɗauka."

Bidiyo ne, motar kawai ake nunawa. Amma daga baya can, ga muryar Alu tana tashi, garau, tana kiran Kano.

Alu ya kanga wayar a kunne. Da ya ƙare ya juya yatsa, alamar a maimaita. Dalhatu ya maimaita. Motarsa ta cika, fasinja suka fara mita, bai tashi ba.

Da yamma Alu ya ja Dalhatu har gida, aka tura wa Saudat bidiyon a wayarta. Tana tankaɗe ta saurara, sai ta ajiye rariyar ta shige ɗaki.