Ayuba, Wanda Ya Ce Hannunsa Ne Ya Dama

Tun rana ba ta yi zafi ba Ayuba mai wanki da guga ke durƙusawa gaban bahonsa a unguwar Gidan Igwai. Ya dama sitaci ruwa-ruwa, ya ɗiga bula, ya naɗe hannu yana kallo har shuɗin ya bi ko'ina da kansa. In ka ce ya yi sauri, sai ya ce, "Bula matafiyiya ce. In sitaci ya yi kauri, inda ta faɗa nan take kwana."

Zamanin da kuɗin man fetur suka haukata mutane, kowane soja na son kaki mai tsayawa da ƙafarsa. Wani saje, Siddiƙu, ya kawo farar rigar faretin ogansa. Ya leƙa baho, ya yi tsaki.

"Wanga ruwan kunu ne ko sitaci?"

"Saje, in ka ƙara, bula za ta dunƙule."

Saje ya ture shi, ya juye sauran garin sitacin, ya tsoma rigar da hannunsa. Ta bushe dabbare-dabbare kamar zabuwa.

Da la'asar motar soja ta tsaya ƙofar Karimatu, gwauruwar da ke sayar wa Ayuba sitacin rogo. Saje ya ce kayanta ne ruɓaɓɓe. Suka jawo ta waje ba ko mayafi. Mazajen unguwa duk suka shige shago. Ayuba ya fito da kumfa a hannu. Ya dubi saje, ya dubi bindiga. Ya san faɗin gaskiya ba zai saki kowa ba.

"Ku sake Inna. Hannuna ne ya dama."

Wannan hannun suka taka da takalmi har ya karye.

Kai ne, Ayuba, ɗan coci da ya fanshi mutuncin tsohuwar Musulma da yatsunsa. Kai ne ka koma guga da hagu, ba ka taɓa kai ƙara ba. Yau ka ajiye dutsen guga, ka yi ritaya. Allah ya biya ka, mun gode. Samari, haka ake zama namiji.

Kai kuma Siddiƙu, muna ganinka a unguwar Minanata cikin farar riga. Ba mu son sisinka. Taho Gidan Igwai, gaban Karimatu da mazajen da suka ɓuya, ka faɗi hannun wa ya dama. Sa'annan ka gaisa da shi. Hagu zai miƙo maka, ka karɓa.