Yadda Na Bar Motar Taki a Gusau

Ko tsufa ya fara cin tunanina, ba na jin zan manta da yadda na ajiye aikin tuƙi a wani kamfanin rarraba taki da ke Gusau.

Shekarun da na yi a wurin suna cikin mafi daɗin rayuwata. Da sassafe mu direbobi mukan haɗu a teburin mai shayin bakin ƙofa, ana zolayar juna, kafin kowa ya kama hanyarsa. Tawa hanyar ta Tsafe ce, na san kowane rami da ke kanta.

Wata rana da damina ina dawowa, daidai duwatsun Kwatarkwashi, sai ga wata mata a tsakiyar titi tana ɗaga hannuwa. Mijinta ne kwance a gefe, wani dattijo makiyayi, maciji ya sare shi, ƙafar ta kumbura suntum. Dokar kamfani ta hana ɗaukar kowa, kuma na san da ita, amma na buɗe musu ƙofa. Na kai su asibiti a Gusau, ban tafi ba sai da aka yi masa allura ya dawo hayyacinsa.

Ashe wani ya gan ni ina sauke su, ya kai tsegumi wai kabu-kabu nake yi da motar kamfani. Washegari aka karɓe makulli aka dakatar da ni, sai kwamiti ya gama bincike.

Sau ɗaya suka kira ni, na faɗi abin da ya faru. Daga nan sai yau ne, gobe ne, har geron da na gani yana tsiro ya isa yanka. In na doso majalisa sai hira ta mutu. Wannan ya fi rashin aikin ci mini rai.

Wata safiya mai ɗakina ta ce, "Malam, dubi yadda ka rame. Bakin da Allah ya tsaga ai ba ya hana shi abinci."

Ranar na shirya na tafi wurin manaja, mutumin kirki ne. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya girgiza kai.

"Ka ƙara haƙuri. In ka ajiye aikin yanzu, cewa za a yi ka tsargu."

Na ce, "Alhaji, su faɗa. In gobe na sake ganin mutum kwance a hanya, tsayawa zan yi. Ka ga zamana a nan ba zai yiwu ba."

Da na fito na ga motata a harabar, wani sabon direba yana goge mata gilashi. Na dafa ta kamar mai sallamar ɗan'uwa. Abokan aikina suka rako ni har bakin titi, babu mai iya zolaya ranar.

Wani ɗan'uwana a Bungudu ya ba ni motar haya, da ita na rufa wa iyalina asiri. Binciken kuwa a nan ya mutu, babu wanda ya taɓa wanke ni, kuma har yau akwai masu ganin na aikata. Ina kewar wurin da mutanensa ƙwarai. Amma na koyi cewa ba kowace gaskiya ce ake tabbatar wa mutum a bainar jama'a ba. In zuciyarka ta wanke ka, tashi ka nemi abincinka.